Bokitin Sharaɗa Da Farashin Dala: Me Ya Ɗaure Masana'antun Kano Da Kasuwar Duniya?

Akwai tambayar da ake yawan ji a Ƙofar Wambai da kasuwar Singa duk lokacin da kaya suka tashi: "Wannan ai a Sharaɗa aka yi shi, to me ya haɗa shi da dala?" Sharaɗa unguwar masana'antu ce a Kano. Mai shago ya ce haka dila ya ba shi, dila ya ce haka kamfani ya yanke, kamfani kuma ya ce canji ne. Mai saye sai ya tafi da zargin cewa ana fakewa da guzuma ne ana harbin karsana. Wani lokacin zargin nasa yana kan hanya. Amma ko da babu mai haɗama ko ɗaya a kasuwa, bokitin Sharaɗa zai bi dala, domin abin da aka narka aka yi shi, da injin da ya zuba shi, da launin da ke jikinsa, duk da dala aka yi musu kuɗi.

Ruɗanin ya ƙaru daga 2023. A watan Yunin shekarar Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji wuri guda ya bar kasuwa ta yi halinta, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A Oktoban 2023 bankin ya ɗage takunkumin da ya hana kaya iri 43 samun dala ta hannun hukuma. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya tashi daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit. A Fabrairun 2025 hukumar kwastam ta fara karɓar sabon kashi 4 cikin ɗari a kan kayan da aka shigo da su, aka dakatar bayan 'yan kwanaki, maganar ta sake tasowa cikin shekarar. Kowace sanarwa tana da masu murna da masu kuka, kuma sau da yawa a layi ɗaya suke a unguwar masana'antu ta Bompai.

Abin da ake nufi da sarƙar samar da kaya

Sarƙar samar da kaya ita ce jerin hannuwan da abu ke bi tun daga ƙasa ko gona har ya isa hannun mai amfani da shi. Masana sukan raba ta uku. Akwai ɗanyen kaya, kamar ɗanyen mai da auduga da fatar akuya. Akwai kayan tsakiya, waɗanda aka sarrafa amma ba a gama ba, kamar ƙwayar roba da zare da sinadarin jima da falankin ƙarfe da takarda a naɗe. Sannan akwai gamammen kaya, irin bokiti da atamfa da takalmi. A gefe kuma ga injuna da kayan gyaransu, waɗanda ba sa shiga jikin kaya amma idan babu su babu aiki.

Wanda ya riƙe wannan rabon zai gane matsalar cikin sauƙi. Najeriya tana da farkon sarƙar, Kano tana da ƙarshenta, amma tsakiyar tana ƙasashen waje. Shi ya sa rubutun "an yi a Najeriya" da ke jikin kaya bai nuna nawa ne daga cikin kuɗinsa ya tsaya a gida ba. Masana'antar Kano da naira take sayarwa, amma babban ɓangaren abin da take saye da dala ake lissafa shi.

Abin da ke cikin kayan da ake yi a Kano

A fara da roba, tunda ita ta cika Sharaɗa da Tokarawa da Dakata. Bokiti da kujera da tabarmar roba da buhun shinkafa daga ƙwayar da ake kira PP ake yin su. Leda da jarka da tankin ruwa daga PE. Bututun ruwa da wasu takalman roba daga PVC, gorar ruwa da ta lemo kuma daga PET. Dukkansu daga mai da iskar gas ake fitar da su. Kamfanin Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas ya daɗe yana yin PP da PE, amma bai taɓa wadatar da ƙasar ba, ragowar daga Saudiyya da Koriya ta Kudu da Amurka da Indiya da Sin suke zuwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙwayar da aka yi a gida ma farashin duniya take bi. Mai yin ta yana iya fitar da ita waje ya karɓi dala, don haka ba zai sayar wa mutumin Kano da rahusa mai yawa ba. Bayan ƙwaya akwai launi, akwai ƙirar ƙarfe da ake zuba narkakkiyar roba a ciki, wadda galibi daga Sin ko Taiwan ko Indiya ake yo ta, akwai kuma na'urar dumama inji da kwakwalwar da ke sarrafa shi. Ƙaramin allon lantarki da zai shiga aljihu yana iya tsayar da inji na makonni idan ya ƙone babu madadinsa a Kano.

Fata ta bambanta, domin ita fita take yi. Majemun Chalawa da Sharaɗa da Bompai suna sayen fatar akuya da ta tumaki daga kasuwannin Arewa, har da Nijar da Cadi da Kamaru, su jeme, su tura Italiya da Sifaniya da Sin da Indiya. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda ta can ayari ke kai musu ita. To amma jimar zamani ba da bagaruwa ake yin ta ba kamar ta gargajiya. Ana jiƙa fata, a cire gashi da farar ƙasa da wani sinadari, a tsoma ta a gishiri da asid, sannan a jeme ta da sinadarin kurom har ta yi shuɗi-shuɗi. Bayan haka a rina, a sa mata mai, a busar, a goge. In ban da gishiri da farar ƙasa, kusan duk sauran sinadaran shigo da su ake yi. Kenan majema da dala take sayen magani, da dala kuma take sayar da fata, shi ya sa faɗuwar naira ba ta kwantar da ita kamar yadda take kwantar da mai roba. Nata haɗarin daban ne: idan kasuwar jakunkuna da takalma ta yi sanyi a Turai, oda ta ragu, farashin fatar layya a Kano sai ya faɗi. Ga kuma sharaɗin mai saye. Tarayyar Turai ba ta yarda wani nau'in kurom mai cutarwa ya kai miligiram 3 a kowane kilo na fatar da za ta taɓa jikin mutum ba, kuma kuskure kaɗan wajen jima ko ajiya a wuri mai zafi yana iya jawo a dawo da kaya.

Doka ta hana fitar da ɗanyar fata da wadda ba a gama jemewa ba, don aikin ya tsaya a gida. Duk da haka mai yin takalmi a Kano yakan rasa fata mai kyau, saboda ta farko ta tafi inda ake biya da dala, fatar shanu kuma an cinye mafi yawanta a matsayin ganda. Sai ya koma ga fatar roba da tafin takalmi da gam, duka 'yan waje.

Fulawa ba ta buƙatar dogon bayani. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da ake niƙawa a Najeriya shigo da ita ake yi, wadda ake nomawa da rani a Kadawa da kwarin Haɗeja ba ta kai ko kusa ba. Sukarin da ke cikin burodi ma ɗanyensa galibi daga Barazil yake zuwa a tace shi a Legas. Shinkafa kuwa, ko da shansherar daga Kura ko Bunkure ta fito, injin casa da na tsince tsakuwa da na tantance launi duk 'yan waje ne, robar da ke ɓare ƙaiƙayi tana cinyewa ana canza ta akai-akai, buhun kuma na PP ne. Takin yuriya a gida ake yin sa, amma sinadaran da ake haɗa NPK da su daga Maroko da Rasha da makamantansu suke zuwa.

Tafiyar kwantena ɗaya daga masana'antar waje zuwa Sharaɗa

A nan ne ainihin nauyin yake, kuma ba farashi kaɗai ba ne, har da lokaci.

Mai masana'anta yana fara karɓar takardar farashi daga mai sayarwa. Ya kai bankinsa a buɗe masa Fom M, wanda shi ne izinin shigo da kaya. Idan kayan suna ƙarƙashin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ko NAFDAC sai ya nemo takardar amincewarsu tun kafin a ɗora. Sannan a nemi dala, ko dai banki ya tsaya masa da takardar lamuni, ko ya tura kuɗi kai tsaye. Mai sayarwa yakan ɗauki mako biyu ko uku kafin ya haɗa kaya ya sami gurbi a jirgi. Daga tashoshin Sin zuwa Legas jirgi yakan yi mako biyar zuwa bakwai, ya danganta da inda ya tsaya aka sauya. Kafin ya iso, ejan yana neman takardar ƙiyasin kwastam da ake kira PAAR, wadda ke nuna rukunin kaya da kuɗin fiton da za a biya. Bayan an biya a buɗe kwantena a duba, sannan a sake ta. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, suna ƙarewa sai kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum, mai tashar ma yana lissafa kuɗin ajiyarsa daban. Kuskuren lamba ɗaya a rukunin kaya, ko saɓani tsakanin takardar farashi da takardar jirgi, ya isa ya riƙe kwantena mako biyu.

Mai masana'anta a Ikeja ko Agbara, da ke kusa da tashar Legas, a nan wahalarsa ta ƙare. Na Kano kuwa saura tafiyar kilomita kusan 1,000 a tirela, da shingayen hanya, da lalacewar mota, da kuɗin man gas wanda tuntuni ba shi da tallafi. Bayan an sauke kaya dole a mayar da kwantena Legas, in ba haka ba kuɗin ajiyar da aka bari a hannun kamfanin jirgi ya narke. Daga ranar da aka buɗe Fom M zuwa ranar da ƙwaya ta shiga inji, wata uku zuwa huɗu ba abin mamaki ba ne.

Ga misali da lambobi masu sauƙin lissafi. Kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar wajen tan 25 na ƙwayar roba, buhu 1,000 kenan masu kilo 25. A ɗauka tan ɗaya dala 1,000 ne har bakin tasha, jimla dala 25,000. Lokacin da dala take naira 460, kuɗin ya kama naira miliyan 11 da rabi. A naira 1,500 ya zama miliyan 37 da rabi. Idan kayan sun faɗa rukunin kashi 5 cikin ɗari na jadawalin fiton ECOWAS, wanda ke da matakai biyar (0, 5, 10, 20 da 35), fito kaɗai ya kusa miliyan 1.9. A tsarin 2024, a kan fiton akwai ƙarin kashi 7, akwai rabin kashi na ECOWAS, sannan harajin VAT na kashi 7.5 a kan jimlar, wanda ya kusa miliyan 3. Ko da za a cire harajin daga baya, sai an fara biya. Kuma da yake fiton da farashin dala na ranar ake lissafa shi, tashin dala sau biyu yake dukan mai kaya: a wajen saye da a wajen kwastam. A farkon 2024 farashin da kwastam ke amfani da shi ya riƙa sauyawa har sau da dama cikin wata guda, har sai da Babban Banki ya ba da umarnin a riƙa amfani da na ranar da aka buɗe Fom M.

Yanzu a ƙara lokaci. Masana'antar da ke cin kwantena 4 a wata, idan tafiyar wata huɗu ce, dole a ko da yaushe tana da kwantena 16 a hanya ko a sito. A da jarin da ke kwance a wannan hanyar naira miliyan 184 ne, a sabon canji ya zama miliyan 600, alhali ko bokiti ɗaya ba a ƙara ba. Idan bashin banki ne, bayan da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci sun riƙa neman wajen kashi 30. Wata huɗu a kan haka kashi 10 ne na kuɗin kaya, kafin a kunna inji.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a littafin ciniki. Wanda ya sayi kwantenarsa dala tana naira 750 ya kashe miliyan 18.75. Ya sarrafa, ya ba dilolin Singa da Wambai bashi kamar yadda aka saba, bayan wata uku ya tattara miliyan 22.5, a takarda ya ci ribar kashi 20. Ya je neman dala ya tarar ta kai 1,500. Kuɗinsa duka dala 15,000 za su saya, tan 15 kenan a maimakon 25. Ya ci riba a naira, amma uwar kuɗi ta zaizaye. Wannan shi ne dalilin da ya sa kamfanoni suka koma sa farashi da abin da za su kashe wajen sayo sabon kaya, ba abin da suka kashe a kan tsohon ba, suka kuma rage bayar da bashi. Idan an ji farashin dala ya motsa a kasuwar 'yan canji ta Wapa da safe, da yamma ya isa Sharaɗa.

Yadda aka zo nan

Kano ba baƙuwar cinikin nesa ba ce. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar da saƙin Kano da rininta suna kai wa har Tumbuktu da Tarabulus. Bambancin shi ne a wancan zamani auduga da baba da kaɗi da saƙa da bugu duk a ƙasar Kano da kewayenta suke, sarƙar gaba ɗaya a gida take. Isowar jirgin ƙasa a 1911 ta juya fuskar ciniki zuwa teku: gyaɗa da auduga da fata su tafi ɗanye, gamammen kaya ya dawo.

Bayan samun 'yanci gwamnati ta ɗauki tsarin yin abin da ake shigowa da shi a gida. Aka kafa masaƙu da kamfanonin alewa da sabulu da kwanon sha da takalma, aka kāre su da kuɗin fito da lasisin shigo da kaya. Tsarin ya fara ne daga matakin ƙarshe, da niyyar a gina na tsakiya daga baya. A wajen 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, don haka shigo da kayan tsakiya ya fi yin su araha, babu wanda ya ji matsi. Manyan ayyukan da aka tsara su cike giɓin, wato kamfanin ƙarfe na Ajakuta, da kamfanonin takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin, da sashen sinadarai na matatar Kaduna, wasu ba a gama ba, wasu sun yi aiki sun tsaya. Da farashin mai ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sai tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 ya karya darajar naira ya kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, wadda ita ke kula da iri. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, Sin ta shiga a 2001, a 2005 kuma aka cire ƙayyade yawan yadin da ƙasashe ke fitarwa. Masaƙun Kano da Kaduna, masu tsofaffin injuna da wutar da ba ta tsayawa, suka haɗu da atamfar Sin mai araha. Kantin Kwari ta ci gaba da bunƙasa, amma da kayan wasu.

Idan an yi tari a nesa

Annobar korona a 2020 ta rufe masana'antun Sin, kuɗin dakon kwantena ya ninka sau da yawa a 2021. A Maris na 2021 jirgi ɗaya ya toshe mashigin Suwez na kwana 6. Yaƙin Rasha da Yukiren daga Fabrairun 2022 ya ɗaga alkama da taki da man gas lokaci guda. Hare-haren Bahar Maliya daga ƙarshen 2023 sun sa jirage zagayawa ta kudancin Afirka. Jiragen da ke zuwa Legas daga Asiya da yawansu dama ta nan suke bi, amma da tafiyar Turai ta ƙara tsawo jirage da kwantenoni suka yi ƙaranci, kuɗin dako ya tashi wa kowa. Ta ɓangaren sayarwa ma haka ne. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, ya tsayar da robobi da tabarmi da takalman Kano da ke bi ta Jibiya da Maigatari zuwa Maraɗi da Damagaram.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN tana neman a sauƙaƙa fito a kan ɗanyen kaya da injuna, a tsananta shi a kan gamammen kaya, a ba da bashi mai sauƙin ruwa, a kuma gyara wuta. Hujjarsu ita ce ba za a haɗa mai biyan ruwan kashi 30 yana kwana da janareta da wanda gwamnatinsa ta shimfiɗa masa komai ba. Sun kafa misali da Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda babu wuta saboda lalacewar manyan layukan dako.

'Yan kasuwar Kwari da masu shigo da kaya suna da tasu hujjar. Dubban mutane ke ci daga kasuwar, daga masu shago zuwa 'yan dako da teloli, kuma baƙi daga Nijar da Cadi da Kamaru suna zuwa ne saboda yawan zaɓi da sauƙin farashi. Masaƙun da suka rage ba za su iya cika kasuwar ba ko da an rufe ƙofa gobe. Haramci, a cewarsu, ba ya hana kaya shigowa, hanya kawai yake sauya musu zuwa ta fasa-ƙwauri, gwamnati ta rasa fito, mai saye ya biya ƙari.

Masu goyon bayan sakin naira kuma suna cewa tsohon tsarin farashi biyu bai amfani yawancin masana'antu ba. Dala mai araha 'yan kaɗan ke samu, wasu su karkatar da ita kasuwar bayan fage, sauran su jira watanni, har bashin dalar da Babban Banki ya yi alkawari bai biya ba ya kai wajen dala biliyan 7. A ganinsu dala mai tsada da ake samu ta fi mai araha da ba a gani.

Kowane ɓangare yana da abin da ya faru da zai nuna. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya ƙara yawan kamfanonin casar shinkafa a Kano, ya kuma ɗaga farashinta, ya toshe wa masu fitar da kaya hanya. Yafe fito na kwana 150 a kan wasu kayan abinci da aka sanar a Yulin 2024 an yi shi ne don mai saye, amma manoma da masu casa sun koka. Hana fitar da ɗanyar kaɗanya a Agustan 2025 ya yi wa masu matse man kaɗe daɗi, ya karya wa matan da ke tsintar ta farashi. Abin da muhawarar ke yawan tsallakewa shi ne gamammen kayan wani ɗanyen kayan wani ne. Yadi gamamme ne a wurin masaƙa, amma da shi tela ke fara aiki. Idan aka ɗora fito mai nauyi a kan ƙwayar roba don kāre kamfani ɗaya ko biyu masu yin ta, ɗaruruwan masu narka ta ne za su biya. Kariya tana yin amfani ne idan an san matakin da ake kārewa, an sa mata wa'adi, kuma dokar ba ta sauyawa kaya suna tsakiyar teku.

Abin da ke isowa ga mai saye da ma'aikaci

Kamfanin da tsada ta matsa ba koyaushe yake ƙara farashi ba. Yakan rage nauyi: bokitin ya yi sirara, leda ta yi shara-shara, burodi ya ƙanƙance. Yakan ƙara yawan niƙaƙƙiyar tsohuwar roba da ake saye daga 'yan jari-bola, ko ya cika garin farar ƙasa a cikin haɗin. Idan abin ya wuce kima kujera takan yi gautsi ta karye da wuri, musamman in ta sha rana. A gefe guda wannan ya buɗe wa masu tara roba da masu niƙa ta kasuwa. Ma'aikaci kuwa abin da yake fara gani shi ne raguwar zagayen aiki daga uku zuwa biyu ko ɗaya, kuma 'yan aikin kullum-kullum ake fara sallama, sannan mai abinci da mai adaidaita da ke jira a bakin ƙofa su ji a jikinsu.

Saura tambayar da ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya: me ya sa in dala ta sauka kaya ba sa sauka? Na farko, abin da ke sito da wanda ke kan teku da tsohon canji aka saye shi, sai wata uku ko huɗu sabon ya iso. Na biyu, wuta da man gas da dako da ruwan banki ba su sauka tare da dala ba. Na uku, wanda uwar kuɗinsa ta taɓa zaizayewa ba ya saurin yarda cewa saukar za ta ɗore. Akwai na huɗu: a kayan da masu shigo da su ko masu yin su ba su da yawa, babu gasar da za ta tilasta a rage, kuma a nan ne zargin mai saye yake da tushe.

Abubuwan da ka iya sauya lissafin

Matatar Ɗangote da ke Lekki ta fara fitar da ƙwayar PP a 2025. Ba lallai farashinta ya rabu da na duniya ba, amma tana rage abu biyu masu nauyi: jiran wata huɗu ya koma na kwanaki, kuma ana iya sayen tirela ɗaya da naira maimakon tara dala. A misalin da ya gabata, kamfanin da ke riƙe kwantena 16 zai iya wadatuwa da 4 ko 5. Bututun iskar gas na AKK, daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020, amfaninsa ga masana'antu ya dogara da ƙananan bututun da za su shiga Chalawa da Sharaɗa da Bompai, da kuma farashin da za a sa.

Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, an yi ta ne don a rubuta Kano a takardar jirgi a matsayin inda kaya za su sauka, kwastam su duba su a nan, a kauce wa kuɗin jinkirin Legas. Ribarta ta gaske tana jiran jirgin ƙasa. Sabon layin dogo ya haɗa Legas da Ibadan, ya haɗa Abuja da Kaduna, an fara aikin na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, amma tsakanin Ibadan da Abuja akwai giɓi, tsohon layin kuma ba ya ba da tabbacin ranar isowa. Kafin nan, abin da ke hannun 'yan kasuwa shi ne haɗa masu shigowa da masu fitarwa. Riɗi da zoɓo da citta da ƙaro da ake tarawa a Dawanau kwantena suke nema zuwa Legas, kwantenar da ta kawo ƙwayar roba Sharaɗa kuma komawa take yi babu komai a ciki. Duk wadda ta koma a wofi, mai bokiti ne ya biya kuɗin zuwa da na komawa, mai riɗi kuma ya sake biyan wata ta taso masa daga Legas.